A Majalisarmu Ba A Ɗaukaka Ƙara

Mu mutanen Tudun Wada Allah ya hore mana saurin yanke hukunci. Shari'ar da za ta shekara goma tana yawo daga babbar kotu zuwa ta ɗaukaka ƙara, daga can a tura ta Abuja, mu a kan benci muke gama ta kafin mai shayi ya juye ƙwai daga kasko. Daga ƙofar Poli har Kasuwar Barci babu layin da ba shi da kotunsa, alƙalai kuma ba sa yankewa. Tela alƙali ne, mai gyaran waya alƙali ne, mai keken da ya tsaya shan ruwan bunu shi ma sai ya jefa nasa hukuncin kafin ya tayar. Hukuncin kuwa kusan guda ɗaya ne. Mai ƙwacen waya? A kashe shi. Mai garkuwa da mutane? A kashe shi a bainar jama'a. Wanda ya cinye kuɗin 'yan fansho? A haɗa da shi, ai ya kashe tsofaffi da yunwa. Da gwamnati tana zartar da abin da muke yankewa a dare guda, da igiya ta fi shinkafa tsada a Kaduna.

Ban ce ba mu da dalili ba. Wanda ya kwana yana jiran kiran waya daga daji, ya sayar da filinsa ya kai kuɗin fansa, ko wanda ya tsaya a tashar Rigasa daren 28 ga Maris 2022 yana jiran ɗan'uwan da jirgin ƙasa bai iso da shi ba, in ya ce a kashe, ba ka da bakin ce masa ya sassauta. Ko dokar da Malam Nasiru El-Rufa'i ya sa wa hannu a Satumban 2020, ta a dandaƙe wanda ya yi wa ƙananan yara fyaɗe sannan a kashe shi, tafi aka yi mata a majalisarmu, har da mai cewa an yi wa mutanen rangwame.

To a azumin 2025 shari'a biyu suka faɗo mana cikin wata guda. Muka yanke su da sauri kamar yadda muka saba, sai hukuncin ya juyo ya damƙe alƙalan.

Ta farko daga Adamawa ta fito. Sunday Jackson manomi ne daga Dong a ƙaramar hukumar Demsa. A 2015 ya yi karo da wani makiyayi a gona. Abin da ya faɗa shi ne makiyayin ne ya fara zare wuƙa ya soke shi, suka kama kokawa, ya ƙwace wuƙar ya soke shi a wuya, makiyayin ya mutu. A Fabrairun 2021 babbar kotu a Yola ta ce a rataye shi, a kan cewa tunda wuƙar ta dawo hannunsa yana da damar gudu, bai gudu ba. Ranar 7 ga Maris 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin. Mai shari'a Helen Ogunwumiju ce kaɗai ta ce ba ta yarda ba.

"To me ake jira kuma?" in ji telan layinmu, bayan an sauko daga asham. "Ya kashe bawan Allah, kotu uku sun ce ya kashe. Don Bafulatani aka kashe shi ya sa ake ta kururuwa a sake shi?" Benci ya ɗauka, haka ne, haka ne. A tsallaken gada kuwa, Sabon Tasha da Television da Narayi, mutanen da muke haɗuwa da su a wurin aiki da kasuwa tambaya ɗaya suke yi: wato laifinsa da bai miƙa wuya an yanka shi ba?

Saura 'yan kwanaki sallah sai ga labarin Uromi. Mafarauta ne 'yan Kano, da yawansu daga Toranke a ƙaramar hukumar Bunkure, sun taso daga Fatakwal za su gida sallah. 'Yan sintirin garin, a jihar Edo, suka tare motarsu, suka ga bindigogin farauta, aka yi ihun masu garkuwa da mutane, taro ya haɗu. Mutum 16 aka kashe, aka cinna musu wuta. Masu neman wanke abin suka ce ai masu satar mutane sun daɗe suna addabar yankin, jama'a kansu suke karewa.

Tela ya miƙe tsaye. "Wane irin kare kai? Mutum yana hannunka, ka karɓe makaminsa, ba inda za shi, sannan ka kashe shi? Wannan kisan gilla ne! Duk wanda ya sa hannu a rataye shi."

Akwai wani matashin lauya a layinmu, muna ce masa Barista tun yana makarantar lauyoyi. Ba ya yawan magana, shi ya sa in ya yi gyaran murya ake saurarawa. "Baba, ƙa'idar nan taka ta yi kyau, ni ma na sa hannu. In an karɓe makami, an riƙe mutum, kare kai ya ƙare. To yaron da muke kamawa da wayar mutane a bakin titi, mu ƙwace wuƙarsa, mu ɗaure shi, mu rufe shi da gora da bulo har ya daina motsi fa? A nan wa yake kare kansa?"

"Wannan daban, Barista. Wannan ɓarawo ne."

"Su ma mutanen Uromi abin da suka ce ke nan, Baba. Kuma don Allah a juya mini sunayen Adamawa. A ce manomi ne ya zare wuƙa ya soki Bafulatani, Bafulatanin ya ƙwace ya rama, kotu ta ce a rataye shi don bai gudu ba. Me benci zai ce?"

Benci bai ce komai ba, sai mai shayi da ya tambaya ko akwai mai ƙarin siga. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe. Mu dai kafin mu yanke hukunci sai mun fara tambayar sunan mamaci da sunan wanda ya kashe, kuma na tsallaken gada ma haka suke yi.

Dokar ƙasa, yadda Barista ya warware mana ita, ta ajiye abubuwan nan biyu a ɗaki guda. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 da ya ba kowa haƙƙin rayuwa, shi ne kuma ya buɗe ƙofa ga hukuncin kotu, ya buɗe wata ga wanda ya yi amfani da ƙarfi daidai bukata don kare rai ko dukiya daga mai ta'adi. A 1998 an kai ƙara har Kotun Ƙoli, shari'ar Onuoha Kalu, ana cewa hukuncin kisa ya saɓa wa tsarin mulkin wancan lokaci, kotu ta ce bai saɓa ba. Kundin Final Kod na Arewa, da ya fara aiki a 1960, ya yarda mutum ya kare kansa har ya kai ga kisa in yana tsoron mutuwa ko mummunan rauni, amma da sharaɗin kada ya wuce abin da zai tunkuɗe sharrin. Rigimar duk a nan take. Wa zai auna inda bukata ta tsaya?

Ni dai a nan na rabu da tela, na kuma rabu da alƙalan da suka yi rinjaye a Abuja, da dukkan girmamawa. Mutumin da aka soka, jini na zuba, yana birgima da wanda ya soke shi a gonar da babu mai jin ihunsa, ba shi da lokacin da zai tsaya ya yi lissafin suka ta nawa ce ta halatta. Ƙiftawar ido yake da ita. Su kuwa masu yi masa awo shekara goma suka ɗauka, a ɗaki mai sanyi, da littattafai jibge a gabansu, kuma a ƙarshe su biyar ɗin ma bakinsu bai zo ɗaya ba. In malaman doka sun kasa haɗuwa a kan abin da ya kamata ya yi, yaya za a rataye shi don bai gano amsar ba yana cikin kokawa? In ma an ga ya wuce gona da iri, ai kundin nan ya tanadi hukuncin da bai kai kisa ba ga wanda ya zarce iyaka wajen kare kansa ba tare da ya ƙulla niyyar kisa tun farko ba. Uromi kuwa ba haka take ba, duka da muke yi wa ɓarayin waya ma ba haka yake ba. A can masu kisan ne suke da yawa, su ne da lokaci, su ne da zaɓi. Har fetur sai da aka samu mai zuwa ya nemo.

Limamin masallacin layinmu ba ɗan majalisa ba ne, amma in zai wuce yakan tsaya a gaisa. Aka tare shi da maganar.

"Allah ya gafarta Malam, ai Musulunci ya ce wanda ya kashe a kashe shi, ko?"

"Ya ce, Alhaji. Amma ka tsaya a rabin karatu." Malam ya gyara riƙon carbi. Ya ce ƙisasi gaskiya ne, yana cikin Suratul Baƙara, amma a wurin da aka ambace shi an ambaci yafiya da diyya, an kuma kwaɗaitar da su. Haƙƙin na magada ne, in sun so su nemi jini, in sun so su yafe. A mazhabarmu ta Malikiyya in an yafe wa mai kisan ganganci, hukuma tana yi masa bulala ɗari da ɗaurin shekara guda. Kisan gilla ne kawai, wanda aka yaudari mutum aka kashe shi don dukiyarsa ko makamancin haka, magada ba su da ikon yafewa. Kuma duk wannan sai a gaban alƙali, da shaidu ko iƙirari, sannan shugaba ya zartar. "Ban taɓa karanta inda aka ba 'yan layi ikon zartarwa ba," in ji shi.

"To wanda aka kawo wa hari fa, Malam?"

"Ya kare kansa, halal ne. In aka kashe shi a kan haka ya yi shahada. Amma malamai sun ce ya fara da mafi sauƙi. In magana za ta kore shi, kada ya ɗauki sanda. In sanda ta isa, kada ya ɗauki wuƙa. In kuma maharin ya juya baya ya ruga, ba a bin sa a kashe."

"Ko da ya tafi da wayata?"

"Ka bi wayarka, Alhaji. Ransa ba naka ba ne."

Aka kwashe da dariya, Malam ya wuce abinsa. Sai daga baya muka ji cewa mahaifin makiyayin da aka kashe a Adamawa ya fito ya ce ya yafe, har ya roƙi a yi wa Jackson afuwa. Wanda aka kashe wa ɗa ya yafe, mu da ba mu san hanyar Demsa ba muna nan a kan benci muna neman igiya.

Duk wannan hayaniyar akwai mutum ɗaya da ba ya sa baki, wani dattijo tsohon gandiroba da ya yi ritaya ya dawo unguwa. Shi kaɗai ne a cikinmu ya taɓa ganin fuskar wanda ke jiran ranar. Sai an matsa masa yake magana. Ya ce mutane suna zaton hukuncin kisa abu ne na rana guda, alhali jira ne. Mutum ya shekara goma, sha biyar, ashirin, duk takalmin da ya ji yana tahowa da asuba sai cikinsa ya ɗuri ruwa. Wasu sun zama limamai a ciki, wasu sun haddace Alƙur'ani, wasu hankalinsu ya taɓu. "Wanda ya yi kisan yana ɗan shekara ashirin," in ji shi, "in ka zo rataye shi yana da arba'in da biyar, wani mutum daban ka tarar."

Gidan yarin Kaduna ɗin nan da muke wucewa ta gabansa a Independence Way yana da nasa tarihin a maganar. A cikinsa aka rataye Sani Yakubu Rodi ranar 3 ga Janairun 2002, mutum na farko da aka zartar wa hukuncin kisa bayan dawo da shari'ar Musulunci a jihohin Arewa. Kotun shari'a ce a Katsina ta same shi da laifin kashe wata mata da 'ya'yanta biyu. Ba shi da lauya, bai ɗaukaka ƙara ba, 'yan makonni kaɗan tsakanin hukunci da igiya. Waccan ita ce irin shari'ar da majalisarmu take so, ta maza-maza. Amma tun daga nan abin sai ƙara wuya yake. A jihar Edo an rataye mutum huɗu a Yunin 2013, an ƙara uku a Disamban 2016, daga nan shiru. Yanzu masu jiran hukuncin kisa a gidajen yarin ƙasar nan sun haura 3,000 nesa ba kusa ba, domin sai gwamna ya sa hannu, gwamnoni kuma alƙalaminsu yakan ƙafe in an kawo wannan takardar.

Ku tuna Hanifa, yarinyar nan 'yar shekara biyar a Kano da mai makarantarsu Abdulmalik Tanko ya sace ya kashe. Ƙasa gaba ɗaya ta girgiza, Gwamna Ganduje ya yi alƙawari a fili cewa da an yanke hukunci zai sa hannu. Kotu ta yanke ranar 28 ga Yulin 2022. Ganduje ya sauka a Mayun 2023 ba a rataye kowa ba, don doka ta ba wanda aka yanke wa hukunci damar ɗaukaka ƙara. Tela har gobe bai huce ba, kuma a kan wannan ban ga laifinsa ba. Akwai aika-aikar da in ka ji ta, duk wani dogon turanci a kan haƙƙin ɗan Adam sai ya maƙale maka a wuya.

Hajiya mai ƙosai, da kaskonta ke gefen bencinmu tun muna yara, ita ta jefo tambayar da ta fi ta Barista zafi. "Ku da kuke ta a kashe, a kashe, waye a cikinku zai yarda ɗansa ya ɗauki aikin hauni? Kai tela, in hauni ya aiko neman auren 'yarka, za ka ba shi?"

"Haba Hajiya, ana zaune ƙalau."

"To ka gani. Ga albashi, ga fansho, aikin gwamnati ne, doka ta halatta. Me ya sa ba ka so?"

Ba ya so ne don ya san abin da kowa ya sani a ransa. Wanda ya kashe ɗan fashin da ya haura masa katanga cikin dare, da safe gaisuwa ake zuwa yi masa, ana barka da arziki, ba mai ƙyamar cin tuwo da shi. Bai zaɓi ranar ba, bai zaɓi wurin ba, ba mutuwar wancan yake nema ba, tsira da ransa da iyalinsa yake nema. Hauni kuwa mutum ake kawo masa a ɗaure, wanda ba zai iya cutar da ko ƙuda ba a lokacin, an sa rana, an gwada igiya, likita na tsaye yana jira. Shi ya sa gwamna yake jan ƙafa, shi ya sa tela ya hana 'yarsa. Muna son a yi kisan, amma hannun wani. In kuwa dole sai namu, to mu taru mu ɗari, yadda gobe kowa zai ce shi dai tsayawa ya yi kallo.

Wani Alhaji mai sayar da kayan gini bai yarda a tafi a haka ba, kuma maganarsa tana da nauyi. Ya ce ita ma hukuma kare kai take yi, kan al'umma take karewa. "Kuna cewa in an kulle mutum ya daina zama barazana. A ina? A Yulin 2022 an fasa gidan yarin Kuje, ɗaruruwa suka tsere. Ɗan bindigan da aka kama yau, gobe yaransa su kwashe ƙauye guda su ce sai an sako shi. Wanda aka rataye ba a musayarsa." Ya ƙara da cewa rashin zartar da hukuncin ne ma yake haifar da taya da fetur, domin in mutane sun ga wanda suka kai caji ofis ya riga su dawowa unguwa, gobe ba za su kai ba.

Rabin maganar Alhaji na karɓa. Amma hukumar da ba ta iya tsare ƙofar kurkuku ba, ita ce dai za mu ba amanar tantance wanda ya cancanci mutuwa. A jihar Oyo an taɓa kashe wani Nasiru Bello da aka yanke wa hukunci kan fashi alhali ƙararsa tana gaban kotun ɗaukaka ƙara, sai a 1986 Kotun Ƙoli ta ce an yi kuskure, ta sa a biya iyalinsa diyya. A 1985 gwamnatin soja ta harbe wasu samari uku a Legas kan safarar ƙwaya da dokar da aka kafa bayan sun riga sun aikata laifin. A Osun an yanke wa Segun Olowookere hukuncin rataya a 2014 kan fashin da abin da aka ɗauka a cikinsa kaji ne da ƙwai, ya shekara goma yana jira kafin Gwamna Adeleke ya yi masa afuwa a Disamban 2024. Wanda ya yi kuskure wajen kare kansa yana da uzurin firgici. Hukuma kuwa, da ta ɗauki lokacinta ta zaɓi rana, ba ta da wani uzuri sai tabbaci, kuma tabbaci shi ne kayan da ya fi ƙaranci a caji ofis ɗin da ake samo iƙirari da kulki.

Sannan a duba su wa ke cika ɗakunan jiran. Gandiroba ya ce a duk shekarunsa zai iya ƙirga masu kuɗin da ya gani a can da yatsun hannu guda, ya kuma yi saura. Da sunan Maryam Sanda, wadda kotun Abuja ta yanke wa hukuncin kisa a Janairun 2020 kan kashe mijinta, ya fito cikin jerin afuwar Shugaba Tinubu a Oktoban 2025, majalisarmu ta kusa kama da wuta, har surutun 'yan ƙasa ya sa aka sauya afuwar zuwa ɗaurin shekara 12. Abin da ya ƙona wa mutane rai shi ne tambayar da ba mai amsawa: mata nawa ne da maza nawa suke ciki da laifin da bai kai nata ba, ba wanda ya san sunansu balle ya kai shi fadar shugaban ƙasa?

Maƙwabtanmu da yawa sun ajiye igiyar. Saliyo ta soke hukuncin a 2021, Ghana ta cire shi daga dokar laifuffukanta a 2023. Nijar ba ta soke ba, amma rabon da ta zartar tun 1976. Tela ya ce su ta shafa, su ba su san Birnin Gwari ba.

Akwai kuma inda mu 'yan Kaduna ya kamata mu fi kowa taka-tsantsan da maganar kare kai, wato in ta tashi daga bakin mutum ɗaya ta koma bakin jama'a. Janar T.Y. Danjuma ya faɗa a Jalingo a Maris 2018 cewa mutane su tashi su kare kansu, muka yi masa ca. Gwamna Masari ya faɗi irinta a Katsina a 2021, Gwamna Matawalle ya ce a nemi lasisin bindiga a Zamfara a 2022, muka ce ai gaskiya suka faɗa. 'Yan sa-kai da kare ƙauye suka fara, daga baya aka wayi gari ana tare Bafulatani a kasuwa don kawai Bafulatani ne, 'yan'uwansa kuma suka shiga daji suna cewa su ma kansu suke karewa. Mu nan mun ga rikicin Fabrairun 2000, mun ga na Nuwamban 2002. Tambayi duk wanda ya fita da adda a kwanakin nan, ko ta wane gefen gada, zai ce maka unguwarsu ya fita tsarewa. Ba ka samun wanda zai ce shi ya fara. Sakamakon shi ne garin da muke ciki yau, inda maƙwabtan da muka tashi tare suka kwashe kaya suka haye kogi, namu na can suka hayo nan. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, da duniya ta san su da sasanci yanzu, dukansu jagororin matasa ne masu tsaron nasu a rikicin 1992. Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu, kafin su zauna a 1995 su kafa cibiyar sulhu.

A Disamban 2025 Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri ya yi amfani da ikon afuwa da tsarin mulki ya ba gwamnoni, ya saki Sunday Jackson bayan fiye da shekara goma a tsare. Tsallaken gada aka yi murna. A bencinmu wasu suka ce matsin lambar Amurka ce, wasu suka ce tunda uban yaro ya yafe magana ta ƙare. Tela ya ce shi ba zai ce komai ba sai ya ga an hukunta na Uromi, kuma a wannan ma benci ya amsa masa, har da ni.

Abin da dai maganar ta haifar a layinmu ɗan kaɗan ne. Da aka zauna taron kuɗin sintiri, Barista ya kawo shawarar a rubuta cewa duk wanda 'yan ƙato-da-gora suka kama, a ɗaure shi, a kira mai unguwa, a miƙa shi caji ofis, wanda kuma ya ɗaga masa hannu bayan an ɗaure shi a rubuta sunansa tare da na ɓarawon. Liman ya sa albarka, Alhaji ya yarda da sharaɗin a riƙa bin shari'ar har kotu don kada a sako mutum ta ƙofar baya. Sai aka zo kan wa zai riƙa biyan kuɗin keken kai ɓarawo, da wa zai bar shagonsa ya je ba da shaida duk ranar da aka ɗage zama. Mai gyaran waya ya ce shi yana da masu jira, tela ya ce ɗinkin sallah ya sha masa kai. Aka ɗage taron zuwa bayan sallah.